Fili, kango da gidan haya a Kano: inda kuɗi ke haihuwa da inda yake maƙalewa

A Kano, da zarar 'yan kuɗi sun taru a hannun mutum, shawarar farko da zai ji daga 'yan uwa da abokan arziki ita ce ya sayi fili. Ɗan kasuwar Kwari, malamin makaranta, matar da ta ci gado, wanda ya dawo daga Saudiyya da ɗan guzurinsa, duk hanya ɗaya ake nuna musu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, kuɗin da ke kwance a asusu kullum ƙarfinsa raguwa yake yi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ƙasa kuwa ba ta ruɓewa, gari kuma kullum faɗaɗa yake: inda ake noman gero da gyaɗa a Ɗanbare da Langel da Gaida da Jaba, yau gidaje ne.

Shawarar tana da gaskiya, amma ba a cika ƙarasa ta ba. A nawa ganin, yawancin asarar da ake tafkawa a harkar gidaje a garin nan ba wajen gini ake yin ta ba. Ranar ciniki ake yin ta, tun ba a aza bulo ko ɗaya ba, sai dai mutum ba ya ganewa sai bayan shekaru. Takardar da ka karɓa ranar nan ita za ta yanke ko banki zai saurare ka, ko za a biya ka diyya in hanya ta biyo ta kanka, da kuma farashin da za a taya in ka tashi sayarwa.

Tushen maganar Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978. Dokar ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne da amfani, wanda a filin gidan zama yawanci shekara 99 ne, shaidarsa kuma ita ce satifiket ɗin da aka fi sani da C of O. Abu biyu a cikin dokar sun fi shafar mai saye. Na ɗaya, ba a sayar da fili mai satifiket ko a jinginar da shi ga banki sai da amincewar gwamna. Na biyu, gwamna yana da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ka ɗora a kan filin ce, gini ko shuka, ba ta tsadar da filin ya yi a bakin dillalai ba. Wanda ya zuba miliyoyi a fili ya bar shi fayau ya kamata ya san da wannan.

Sai awon igiya, wanda shi ne mafi yawan abin da talaka yake iya saye. Gona ce mai ita ko dillali ya yanka ta fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba. Kurna, Rimin Kebe, Bachirawa, Sheka, Ɗorayi, kaso mai yawa na waɗannan unguwanni haka suka tashi, kuma miliyoyin mutane suna zaune a irinsu cikin rufin asiri. Ba zan ce kada a saya ba, domin filayen da gwamnati ke tsarawa ba su taɓa isar jama'ar Kano ba, kuma hana mutum abin da ƙarfinsa ya kai ba tare da nuna masa wani ba zalunci ne. Abin da nake so shi ne ya san me ya saya. Takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu shaidar ciniki ce: tana nuna wane ya sayar wa wane. Ba ta nuna cewa hukuma ta san da kai a wurin ba. Mai yanka gona kuma burinsa yawan fuloti, shi ya sa lungu yake fitowa ƙunci, babu wurin kwata, babu filin makaranta ko asibiti. Ranar da aka zo fitar da titi, a jikin gidajen mutane za a nemo faɗinsa. Don haka in za ka sayi awon igiya, ka tsaya ka duba ina hanya za ta bi nan gaba, ka ja gininka baya tun yanzu, ka kewaye filin ko da da bulo layi uku ne, sannan ka fara bin hanyar mayar da takardarka ta hukuma a ma'aikatar ƙasa tun kana da ƙarfi. Filin da aka bari babu alama shi ake sayar wa mutum biyu.

Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a watan Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da sansanin alhazai da sauransu, ya ƙara wani darasi. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Kowa da ra'ayinsa a kan siyasar lamarin, kuma maganar ta je kotu, amma mai neman inda zai ajiye guminsa abin da ya dame shi daban ne: bayan takarda, a tambayi tarihin wurin. Da can mene ne? In harabar makaranta ce, ko gefen maƙabarta, ko jikin badala, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko filin da jama'a suka saba amfani da shi, to ko wane irin hatimi ke kan takardar, wata gwamnati tana iya zuwa ta ce ba ta yarda ba. Tsofaffin unguwa sun fi kowane dillali sanin wannan amsar, kuma kyauta suke bayar da ita.

Ko gida mai satifiket ma ba a biyan kuɗinsa sai an yi bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar: lambar fayil ɗin ta wannan filin ce, sunan wa ke kai, akwai bashin banki ko ƙara a kansa? Wani sakaci da ya zama ruwan dare shi ne a sayi gida a karɓi satifiket da sunan mai shi na farko, a jefa a akwati. Gidan ya wuce hannu uku, suna bai canza ba. Ranar da aka buƙaci sa hannun mutumin farko sai a tarar ya rasu, sai bin 'ya'ya da jikoki, wani yana Legas, wani ya ce shi bai san an sayar ba. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da sabunta takardun mallaka a ƙarshen 2024, abin da ya tona yawan masu irin wannan matsala. Kuɗin canza suna yana da zafi, na sani, amma a lissafa shi cikin kuɗin gidan tun farko, kamar yadda ake lissafa la'ada.

A cikin birni kuwa, Dala da Gwale da Municipal, yawancin gidan da ake sayarwa na gado ne. A nan sai an ga takardar rabon gado daga kotu, an kuma ji daga bakin kowane magaji, har matan da ke gidajen aurensu, domin su aka fi yi wa shiru da cinikin. Babban wa ba ya sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. In kuma kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, ka tuna da haƙƙin shuf'a a fiƙihun Malikiyya: abokan tarayyarsa suna da ikon mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

To, ina kuɗin zai fito? Bankin kasuwanci dai a cire shi daga lissafi. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, abin da bankuna ke ɗora wa mai karɓar bashi kuwa yakan doshi talatin. Ko an ajiye maganar haramcin riba, wadda ita kaɗai ta isa ta tsayar da yawancinmu, lissafin ba ya fita: bashin naira miliyan 10 zai ci kusan miliyan 3 a shekara ruwa kawai, kuma babu gidan miliyan 10 a Kano da hayarsa ta kusanci haka.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, bayan wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni a kan kashi 6, biya har zuwa shekara 30. Ma'aikata da yawa ana yankar musu kuɗin nan shekara da shekaru ba su taɓa tambayar nawa ya taru ba, alhali wanda bai karɓi lamuni ba yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa in ya yi ritaya. Kashi shidan dai ruwa ne, mai gudun riba sai ya nemi fatawa kafin ya sa hannu. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta ƙasa ta yarda mai asusun fansho ya ciri har kashi 25 na abin da ya tara ya biya kason farko na lamunin gida.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun buɗe wata ƙofa. Jaiz ya fara aiki a 2012, Kano tana cikin rassansa uku na farko, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Ko dai su sayi gidan su sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, wato murabaha, ko ku yi tarayya a mallakarsa, kana biyan hayar kasonsu kana kuma saye shi sannu a hankali har gidan ya zama naka. Halacci daban, arha daban: ribarsu tana bin yanayin kasuwa, don haka ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, da abin da zai faru in ka makara wata biyu. Dukkan waɗannan ƙofofi kuma, na gwamnati da na bankunan, mabuɗinsu ɗaya ne: takardar hukuma. Mai awon igiya ba ya ko kaiwa teburin tattaunawa.

Shi ya sa gaskiyar yadda ake gina gida a Kano ita ce adashi, ribar kasuwa, kuɗin sallama, sayar da gona ko shanu, da bashin ƙungiyar ma'aikata. Akwai kuma jinginar gida da ta yaɗu, inda mai kuɗi zai ba mai gida wasu miliyoyi ya shiga gidan ya zauna babu haya har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Malamai da dama sun yi gargaɗi a kanta, saboda bashi ne da ya jawo amfani. Ta fuskar lissafi ma duka biyun suna cikin haɗari: mai gida yakan kasa fansa, mai kuɗi kuma a mayar masa da nairar da ta zube.

Tunda da kuɗin hannu ake gini, babban abokin gaba shi ne kango. Ka zaga bayan gari ta kowace kusurwa, hanyar Gwarzo, hanyar Zariya, hanyar Haɗeja, hanyar Katsina, za ka ga gine-gine sun tsaya a linta, ciyawa ta cika ɗakuna, rodi ya yi tsatsa. Kusan duk labarinsu ɗaya ne. An zana gidan da ya fi ƙarfin aljihu, an tayar da shi gaba ɗaya, sai farashi ya gudu. Buhun simintin da ake saye naira dubu huɗu da ɗoriya a farkon 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024. Mai kango yana biyan haya a wani wuri, kuɗinsa yana tsaye a rana, damina tana cin sa. Abin da ya fi shi ne a zana gidan duka, a kai zanen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a sami izinin gini, amma a gina shi kashi-kashi, kowane kashi a gama shi har rufi da ƙofa. Ɗaki biyu, kicin, banɗaki, katanga, ka tare. Hayar da ka daina biya ita za ta sayi bulon kashi na biyu. Wajen tara kaya kuma a bambance: rodi da kwano da tayil suna jira in an adana su da kyau, siminti kuwa in ya yi 'yan watanni, musamman da damina, daskarewa yake. Bulon kasuwa a gwada shi kafin a sauke mota guda, domin wasu masu bugawa suna ja wa buhu ɗaya yashin da ya wuce ƙa'ida. Wanda ya marmashe a hannu ba zai ɗauki rufi ba.

Sayen tsohon gida a gyara sau da yawa ya fi sabon gini sauƙi, kuma yana cikin gari inda akwai wuta da makaranta da kasuwa. Amma lokacin duba gida Agusta ne, ba Maris ba. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Kano gari ne na kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu tun zamanin kakanni, su ne kuma suke shanye ruwan sama. An cike da yawa da shara an yi gini a kai. Ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi tsakar gidan mutane, ginin kuma yana zaune a kan ƙasar da ba ta daddale ba, shi ya sa bango ke tsagewa. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a Agustan 2022 ta nuna abin da toshe hanyar ruwa yake jawowa ko a tsakiyar gari. Ka kuma duba tsayin titi da na tsakar gida. Duk lokacin da aka sake zuba kwalta titi yana ƙara tudu, tsofaffin gidaje suna komawa rami.

Gyara yana da jeri, kuma mutane sun fi son farawa daga ƙarshensa saboda shi ake gani. Rufi ne farko, sai danshi da gishirin da ke cin gindin bango, sai hanyar fitar ruwa da shadda, sai wayar wuta da bututun famfo. Bayan nan ne ake maganar tayil da silin da fenti. Wanda ya manna tayil a kan bango mai danshi ɓoye cutar ya yi, danshin zai hau sama ya ɓullo. Haka gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti: daga waje sumul, amma in ruwa ya sami kafa ta sama ko ta gindi ba ya samun hanyar fita, ƙasar tana jiƙewa a ciki ba a sani ba har bangon ya zauna. A irin wannan gida indararo da gindin katanga su ne abin dubawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A lura da tazarar rijiya da shadda, taka da ta maƙwabci, mita 15 ne mafi ƙaranci, in da hali a ninka. Ɗora bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa don bene ba kuwa ba shawarar birkila ba ce, komai ƙwarewarsa. Injiniya ake kira ya tona ya gani. Benen da ya rufta ana kan aikinsa a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022 har rai ya salwanta.

Da ma'aikata, jinga ta fi biyan yini, amma a yanka ta mataki-mataki a rubuce, kuma kada kuɗi ya riga aiki. Kayan ka saya da kanka, rodi a Ƙofar Ruwa, katako a Na'ibawa, ko ka tura wanda ba shi zai yi aikin ba. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kasafin, domin tsohon gida sai an fasa ake sanin abin da ke cikinsa.

Saura mai saye don juya kuɗi. A nan akwai lissafin da ba a son yi. A matsayin misali, gidan da ya ci naira miliyan 30 ana ba da hayarsa miliyan 1.2 a shekara, kashi 4 ke nan, kafin a cire gyara da watannin da zai zauna babu kowa. Sukuk na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 ya bayar. Ashe ribar gida a Kano ba a haya take ba, a tashin darajar ƙasar take, ita kuwa ba ta zama kuɗi sai ranar sayarwa. Wanda ya kwashe jarin kasuwarsa ya zuba a gini, ranar da buƙata ta taso zai gane cewa gida ba ya sayuwa a mako guda, kuma dillalai suna jin ƙanshin matsuwa daga nesa. Kada jarin da ake juyawa ya shiga bulo.

In don haya za ka gina, fara da tambayar wa zai shiga. Ɗaliban Jami'ar Bayero suna neman ɗaki mai banɗaki a ciki a Ɗanbare da Rimin Gata. Ma'aikatan asibitin Malam Aminu Kano suna son kusa da aiki, wajen Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku. Mafi yawan masu nema kuwa sababbin ma'aurata ne, ɗaki biyu da falo, ƙofarsu daban, tsakar gidansu daban. Fuloti ɗaya da aka raba gida uku irin wannan ya fi katafaren gida ɗaya kawo kuɗi da saurin samun mai shiga, shago a gaba kuma, in titin yana da jama'a kuma an sami izini, yakan riƙe gyaran gidan duka. Rijiyar burtsatse da sola sun fi kowane ado ɗaga haya, domin ɗan haya ya san abin da yake ba 'yan garuwa a wata. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, suna da tituna da tsari mai kyau, amma da yawansu sun daɗe babu kowa a ciki. Mutum yana bin inda abincinsa yake, da kuɗin motar da zai kai shi can. Haka nan sayen fili don an ji za a kawo tashar jirgin ƙasa ko wata ma'aikata: wani lokaci yana biya, kamar yadda tashar tsandauri ta Dala ta ɗaga sunan Zawaciki, amma a yi shi da kuɗin da za a iya mantawa da shi shekara goma.

Dillali yana da amfani, shi ya san abin da ke kasuwa. A yanka la'adarsa tun kafin a je ganin wuri, a kuma dage sai an zauna da mai gidan ido da ido, a tura kuɗi ta banki zuwa sunan da ke kan takarda. Zakka ma tana cikin lissafi: gidan zama babu zakka a kansa, gidan haya a kan kuɗin hayar take in ya kai nisabi ya shekara, filin da aka saya ana jiran ya yi tsada kuwa, a mazhabar Malikiyya, ana fitar masa da ta shekara ɗaya ranar da aka sayar.

Akwai kuɗin da ke shiga gine-ginen Kano da ba ya bayyana a kowace takarda. Mace ta sayar da gwal ɗinta ko ta kwashi adashinta aka yi rufi, ƙane ya turo daga Jidda aka sayi fulotin da sunan yaya, ɗa ya gina sashensa a filin mahaifinsa. Ana jin nauyin a ce a rubuta, kamar rashin yarda ne. Ranar rabon gado kuwa alƙali hujja yake nema, takarda ko shaidu, in babu su sai gidan duka ya tafi a dukiyar wanda sunansa ke kai. A rubuta ranar da kuɗin ya fita: nawa ne, bashi ne ko kyauta ko tarayya, in tarayya ce kashi nawa, shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.